Daga Ina Ka Samo Wannan Magana? Ɗalibi da Rumbunan Bayanai na Laburare

 

 Ina godiya da aka ba ni wannan dama in yi magana a kan rumbunan bayanai da laburaren makaranta ke tanada, da yadda ɗalibi zai ci moriyarsu a bincikensa. Ba don na fi kowa sani aka tsayar da ni a nan ba. A cikin ɗakin nan akwai ma'aikatan laburare waɗanda wannan ne aikinsu dare da rana, idan na yi tuntuɓe su gyara mini.

Tambaya ɗaya ce za ta riƙe mu daga farkon laccar nan har ƙarshenta, ita ce kuma tambayar da malamai za su jefo maka ranar kare kundinka: daga ina ka samo wannan magana?

Tambayar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Malaman hadisi ba su karɓar magana sai sun san wanda ya faɗe ta, da wanda ya ji daga gare shi, da halin kowane mutum a cikin jerin. A kan haka suka gina ilimin isnadi da ilimin sanin maruwaita. A ƙasarmu ta Hausa, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukh, don ya bayyana malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka daga kowannensu. Saboda haka idan malaminka na jami'a ya ce ka kawo madogara, ba wani sabon abu ya ɗora maka ba. Abin da ya canza shi ne wurin da ake nemo madogarar da kayan aikin nemo ta.

Ciwon babi na biyu

Duk malamin da ya taɓa duba kundin digirin farko ko na NCE ko na HND ya san inda gizo ke saƙa: babi na biyu, wato bitar ayyukan da suka gabata. Ɗalibi zai buga takensa gaba ɗaya a Google, ya buɗe shafi uku na farko, ya kwafo. Wani zai ari kundin yayansa da ya gama shekaru biyar da suka wuce, ya canza sunan ƙaramar hukuma. Wani kuma zai je shagon kwamfuta a bakin ƙofar makaranta ya biya a haɗa masa. A ƙarshe sai ka ga jerin manazarta cike da sunayen marubuta da ɗalibin bai taɓa ganin ko shafi ɗaya na aikinsu ba. Ya ji ne daga wanda ya ji daga wanda ya ji, kuma Bahaushe ya riga ya ce gani ya kori ji.

Ban ɗora laifin duka a kan ɗalibi ba. Da yawansu ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu wata hanya. Abin takaicin shi ne, a makarantu da dama hanyar tana nan a buɗe, an yi rajista, wani lokacin ma an biya kuɗi, amma kwamfutocin sashen laburaren intanet suna shan ƙura, ko kuma ana kallon ƙwallo a kansu.

Mene ne rumbun bayanai?

Rumbun bayanai na laburare tarin rubuce-rubucen ilimi ne da aka zaɓo, aka tsara, aka yi wa kowanne rajista: sunan marubuci, taken maƙala, mujallar da ta fito a ciki, shekara, kundi, lamba, shafuka, tsakure, da muhimman kalmomi. Galibin abin da ke ciki maƙalolin mujallun ilimi ne, sai littattafai, da kundayen digiri, da rahotannin hukumomi.

Google kamar kasuwar Kurmi ta Kano yake ranar da ta cika ta batse. Akwai kaya na gari, akwai jabu, kowa na kiran ka, kuma wanda ya fi ɗaga murya shi kake fara ji. Rumbun laburare kuwa shago ne da mai shi ya san inda ya saro kowane kaya, ya kuma rubuta a jikinsa.

Abin da ke ba maƙalar mujalla daraja shi ne tantancewar masana. Idan mai bincike ya aika da aikinsa, edita zai tura wa masana biyu ko uku a fannin, sau da yawa ba tare da sun san sunan marubucin ba. Za su duba hanyar da ya bi wajen tattara bayanai, da lissafinsa, da ko sakamakon da ya kawo ya dace da hujjojinsa. Su ce a buga, ko a gyara, ko a mayar masa. Wannan kan ɗauki watanni. Ba ya hana kuskure gaba ɗaya, amma yana rage shi, kuma idan kuskuren ya bayyana daga baya akwai hanyar janye maƙalar. Mujallar The Lancet ta buga wata maƙala a 1998 da ta danganta wata allurar rigakafi da cutar galahanga ga yara. A 2010 ta janye ta, bayan an tabbatar da cewa aikin ba sahihi ba ne. Wanda ya nemo maƙalar a rumbun PubMed yau zai ga alamar janyewa ɓaro-ɓaro. Wanda ya same ta ta WhatsApp ba zai ga komai ba.

Rumbunan da ya kamata ku sani

Na farko shi ne Research4Life, haɗin gwiwar wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da manyan kamfanonin ɗab'i da wasu jami'o'in Amurka, don makarantun ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su samu mujallu masu tsada kyauta ko a farashi mai rahusa. Yana da ƙofofi biyar. Hinari na fannin lafiya ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe shi a 2002. AGORA na aikin gona ne, ƙarƙashin Hukumar Abinci da Aikin Gona, tun 2003. OARE na muhalli ne, tun 2006. ARDI na ƙirƙira da fasaha ne, tun 2009. GOALI kuma na shari'a ne, tun 2018. Ɗalibi ba ya yin rajista da kansa. Makaranta ce ke yi, kuma ma'aikacin laburare ne zai nuna maka yadda za ka shiga.

Na biyu JSTOR, wanda aka kafa a 1995 da tallafin Gidauniyar Mellon, kuma a 2006 ya buɗe wani shiri na musamman don makarantun Afirka. Ɗaliban tarihi, harshe, adabi, siyasa da zamantakewa, wannan naku ne. Ƙarfinsa a tsofaffin fitowa yake, domin yakan ajiye mujalla tun daga lambarta ta farko. A nan za ka samu mujallar Africa da ta fara fitowa a 1928, da mujallar Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya da ta fara a 1956. Sai dai ku lura, a mujallu da yawa fitowar shekaru uku zuwa biyar na baya-bayan nan ba ta shiga ciki tukuna. Mai neman sabon bincike sai ya haɗa da wani rumbun.

Na uku AJOL, rumbun mujallun Afirka, wanda ya fara a 1998, yanzu kuma ake gudanar da shi daga Afirka ta Kudu. Yana ɗauke da ɗaruruwan mujallu, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan mujallu a cikinsa. Idan bincikenka ya shafi Gusau ko Azare ko Funtuwa, ya fi yiwuwa ka samu wanda ya riga ka a AJOL fiye da a mujallun Turai.

Akwai kuma waɗanda ba sa buƙatar kalmar sirri ko kaɗan. PubMed na Laburaren Likitanci na Ƙasar Amurka, don ɗaliban likitanci da jinya da haɗa magunguna. ERIC, wanda ya fara aiki tun shekarun 1960, don ɗaliban kwalejojin ilimi. DOAJ, wanda aka fara a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin a 2003, yana jera mujallun da ake karantawa kyauta waɗanda suka cika sharuɗɗansa. Wanda kuma bincikensa ya taɓa Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, ya sani cewa kaso mai yawa na abin da aka rubuta a kansu da Faransanci yake, kuma rumbun Persée na ƙasar Faransa yana ba da tsofaffin mujallu kyauta.

Google Scholar, wanda ya fito a 2004, yana da amfani, ni ma ina amfani da shi. Amma injin nema ne, ba ya tace abin da yake kwasowa kamar yadda rumbunan da na ambata suke yi. Ka fara da shi in ka so, kada ka tsaya a kansa.

Ga masu cewa babu sabis, babu data: an ma yi tunaninku. TEEAL na Jami'ar Cornell tarin mujallun aikin gona ne da aka tsara don ya yi aiki ba tare da intanet ba. Haka ma eGranary, wanda tunanin ƙirƙiro shi ya samo asali daga wahalar intanet da aka gani a Jami'ar Jos. Ku tambaya ko laburarenku na da ɗaya daga ciki. Wasu makarantun kuma suna biyan kuɗin EBSCOhost ko ScienceDirect ko ProQuest. Matambayi ba ya ɓata.

Yadda ake nema

A nan nake so mu daɗe, domin a nan ake faɗuwa. Bari mu ɗauki misali na zahiri. A 2016 wata tsutsa ta afka wa gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, farashin kwando kuma ya yi tashin gwauron zabo a duk faɗin ƙasa. Manoma na kiran ta sharon. A ce wata ɗaliba daga Kura tana son ta binciki yadda manoman rani na Kadawa ke yaƙi da wannan tsutsa.

Mataki na farko, ta mayar da takenta tambaya: waɗanne hanyoyi manoman tumatir na Kadawa ke bi wajen kashe sharon, kuma wacce ta fi aiki? Take ba ya gaya maka lokacin da ka gama. Tambaya kuwa tana gaya maka, domin ko dai ka amsa ta ko ba ka amsa ba.

Mataki na biyu, ta fasa tambayar zuwa ginshiƙai. A nan uku ne: tsutsar, hanyar kashe ta, da wurin. Rumbun bayanai ba ya son doguwar jimla. Kalmomi yake nema a cikin take da tsakure, saboda haka duk kalmar banza da ka ƙara tana iya kore maka maƙala mai amfani.

Mataki na uku, ta nemo wa kowane ginshiƙi sunayen da masana ke kiran sa da su. Idan ta buga sharon ba za ta samu abin kirki ba. Sunan tsutsar a kimiyyance Tuta absoluta, kuma a shekarun baya-bayan nan masana sun mayar da ita ƙarƙashin sunan Phthorimaea absoluta. Wanda ya nemi suna ɗaya kawai zai rasa wani kaso na abin da aka rubuta. Asalin tsutsar Kudancin Amurka, ta shiga Sifen a 2006, daga nan ta bazu zuwa Afirka. Sanin wannan zai nuna wa ɗalibar cewa akwai binciken da aka yi a Burazil da Sifen da Masar da Tunisiya tun kafin tsutsar ta iso gonar mahaifinta.

Mataki na huɗu, ta haɗa kalmomin. Akwai ƙananan kalmomi uku na Ingilishi da ake rubutawa da manyan baƙaƙe, waɗanda suka samo asali daga lissafin George Boole, masanin lissafi ɗan Ingila na ƙarni na 19. OR tana faɗaɗa nema: kawo mini wannan suna ko wancan. AND tana ƙuntata shi: sai maƙalar da ta ƙunshi wannan da wancan tare. NOT tana fitar da abin da ba a so, amma a yi hattara da ita, domin takan zubar da mai kyau tare da maras kyau. Ɗalibarmu za ta haɗa sunayen tsutsar biyu da OR, sannan ta ɗaure su da Nigeria ta hanyar AND. Idan tana son kalmomi biyu su zo a jere, sai ta sa su cikin alamar zance. A rumbuna da yawa, alamar tauraro a ƙarshen guntun kalma tana kawo duk rassanta, ta yadda irrigat* za ta kawo duk kalmomin da suka shafi ban ruwa da suka fara da haka.

Idan sakamako ya fito dubbai, ta ƙara ginshiƙi, ko ta taƙaita shekaru, ko ta zaɓi maƙalolin da masana suka tantance kawai. Idan ya fito sifili, kada ta ruga wurin malaminta ta ce ba wanda ya taɓa rubutu a kai. Ta sassauta: daga Kadawa zuwa Kano, daga Kano zuwa Nijeriya, daga Nijeriya zuwa Afirka ta Yamma.

Ɗaliban tarihi da Hausa, ku ma kuna da irin wannan matsala ta wata fuska. Sunan Shehu Usmanu ana rubuta shi Usman, Uthman, Usuman, sunan mahaifinsa kuma Fodio, Fodiyo, Fudi. Sakkwato a rubutun Turawa Sokoto ce, Zazzau kuma sau da yawa Zaria. Faransawa suna rubuta haoussa. Duk wanda bai haɗa waɗannan da OR ba, ya bar rabin kayansa a hanya.

Mataki na biyar, idan ta samu maƙala ɗaya mai kyau, ta riƙe ta gam, domin ita ce za ta kai ta ga sauran. Ta duba manazartar da ke ƙarshenta, ta ga waɗanda suka gabace ta. Sannan ta duba a Google Scholar waɗanda suka ambace ta daga baya, ta ga inda maganar ta kai yau. Ta kuma ɗauki muhimman kalmomin da marubucin ya jera a ƙarƙashin tsakure ta sake nema da su.

Mataki na shida, ta karanta da tsari. Tsakure da farko. In ya dace, sai kammalawa, sai hanyar bincike, sannan sauran. Kuma tun a lokacin ta ajiye cikakken bayanin maƙalar. Akwai manhaja kyauta mai suna Zotero da ke adana wannan, ta kuma jera maka manazarta a tsarin APA ko wanda sashenku ke bi. Wanda ya bar wannan aiki sai daren da zai kai kundi wurin ɗauri, shi ne ke ƙirƙiro lambar shafi.

Ba duk abin da aka buga ne abin dogaro ba

Akwai mujallun da kasuwanci kawai suke yi. Ka tura maƙala ranar Litinin, ka biya kuɗi, ranar Juma'a ta fito, ba wanda ya karanta ta. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana jera sunayen irin waɗannan mujallu kafin ya rufe jerin a 2017. Alamominsu ba ɓoyayyu ba ne: suna mai faɗi da ya haɗa likitanci da adabi da injiniyanci a mujalla ɗaya, alƙawarin bugawa cikin 'yan kwanaki, adireshin da ba a san inda yake ba, da kurakuran rubutu tun daga shafin farko. Ka duba ko mujallar na cikin DOAJ ko AJOL ko rumbun Scopus. In kana shakka, ka nuna wa ma'aikacin laburare.

Sai kuma sabon baƙo, manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT. Suna iya taimaka maka wajen fahimtar abu mai wuya ko samo kalmomin nema. Amma sukan ƙaga manazarta: sunan marubuci na gaske, mujalla ta gaske, maƙalar kuwa ba a taɓa rubuta ta ba. A 2023 wata kotun tarayya a birnin New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar mata da hukunce-hukuncen da manhajar ta ƙaga musu. In lauyoyi sun faɗa wannan rami, ɗalibi ma zai iya. Maganin mai sauƙi ne: duk madogarar da ba ka buɗe ta da idonka ba, kada ta shiga kundinka. Yawancin sababbin maƙaloli suna da lambar DOI da ke farawa da 10. Ka gwada ta, in ba ta kai ka ga maƙalar ba, ka nemi taken a rumbu. In nan ma babu, ka yar da ita.

Abin da rumbu ba ya ɗauke da shi

Kada wani ya fita daga nan da tunanin cewa duk ilimi yana cikin kwamfuta. Yawancin abin da aka rubuta a kan ƙasar Hausa, musamman da harshen Hausa da Larabci da ajami, bai shiga waɗannan rumbuna ba. Kundayen digiri da ke jere a Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello, da takardun Gidan Arewa da na Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da rubuce-rubucen da ke Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, galibinsu sai an taka an je. Ɗalibarmu ta Kura ma, bayan ta gama karanta abin da aka gano a Sifen da Masar, dole ta sa takalmi ta shiga gona ta tambayi manomi wane magani yake fesawa, sau nawa, da nawa yake saye. Rumbu zai gaya mata abin da aka riga aka sani. Abin da ba a sani ba tukuna, wanda shi ne gudummawarta, yana bakin manomin.

Nauyin da ke kan kowa

Ga hukumar makaranta: kuɗin da asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ke warewa don bunƙasa laburare ba zai yi amfani ba idan babu wuta a ɗakin, ko an bar rajistar rumbu ta ƙare ba a sabunta ba. Sola da intanet mai ƙarfi a laburare sun fi sabuwar ƙofar shiga makaranta amfani ga ɗalibi.

Ga 'yan'uwana malamai: darasin amfani da laburare da ake yi a shekarar farko, a haddace a rubuta jarrabawa, ba ya isa. Mu riƙa ba da aikin gida da zai tilasta wa ɗalibi ya kawo maƙala biyu daga rumbu, ya faɗi kalmomin da ya yi nema da su. Mu riƙa gayyatar ma'aikacin laburare cikin aji a lokacin da ɗalibai ke zaɓar take.

Ga ma'aikatan laburare: ku fito da jerin rumbunan da makaranta ke da su, ku manna a kowane sashe, ku sa ranar horo a kowane zango.

Ku kuma ɗalibai, aikinku na wannan mako ƙarami ne. Kowa ya rubuta tambayar bincikensa a jimla ɗaya, ya fitar da ginshiƙanta, ya je laburare ya tambayi rumbun da ya dace da fanninsa, ya sauke maƙala uku ya karanta su daga farko har ƙarshe. Kalmar sirrin da za a ba ku amana ce ta makaranta, kada a watsa ta a zaurukan WhatsApp, domin masu rumbun sukan rufe wa makaranta gaba ɗaya ƙofa idan suka ga ana wasa da ita.

A nan zan dakata don a samu lokacin tambayoyi. Abin da na faɗa daidai, Allah Ya amfane mu da shi. Inda na yi kuskure, Allah Ya yafe mini, ku ma ku yafe mini. Allah Ya ba ku ilimi mai amfani, Ya sa ku gama lafiya.